Calais a Hannun Ingila: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Calais tashar jiragen ruwa ce a arewacin Faransa, daura da Dover, inda tekun da ya raba ƙasashen biyu ya tsuke zuwa kusan kilomita 33. Sarki Edward na Uku na Ingila ya yi mata ƙawanya a Satumban 1346, bayan nasararsa a Crécy, ta miƙa wuya a Agustan 1347.

Akan ji ana cewa da ƙarfin tsiya aka fasa ganuwarta. Ba haka aka yi ba. Fadama ce ta kewaye garin, ga ganuwa mai ƙarfi, sai Ingilawa suka toshe hanyar abinci ta tudu da ta ruwa, suka zauna jira. Sarki Philip na Shida na Faransa ya iso da dakarun ɗauki a Yuli, ya ga ba mashiga, ya juya. Yunwa ce ta buɗe ƙofa. Dattawan gari shida da suka fito da igiya a wuya kuwa ba a rataye su ba. Marubucin tarihi Froissart ya ce matar Edward, Sarauniya Philippa, ce ta roƙa musu afuwa. Abin da ya tabbata shi ne an kori akasarin mazauna, aka zuba Ingilawa.

Zancen da ya fi yawo shi ne wai wanda ya riƙe Calais ya riƙe makullin Faransa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin sauke dubban dawaki a gaɓar abokan gaba kasada ce, tashar kuwa ta ba Ingila masauki da rumbun makamai. Daga nan Edward ya ɗaura yaƙin 1359, John na Gaunt ma a 1373, kuma can Sarki Henry na Biyar na Ingila ya nufa a 1415 da rundunar da atini ya rage a Harfleur, har aka tare shi a Agincourt. Amma shiga daban, ci daban: Edward bai sami Reims ba, Gaunt ya isa Bordeaux a galabaice, sannan mamayar da ta ci Normandy a 1417 ba ta Calais ta bi ba.

Batun riba ma da sauƙi-sauƙi. Tun 1363 aka mai da garin kasuwar da tilas ulun Ingila ya bi ta cikinta, haraji na shigowa. Sai dai albashin sojan tsaro na lashe kaso mai tsoka, kuma in biya ya makara sukan yi bore su kame ulun fatake. Wannan runduna ta zama barazana ga gida ma, don daga Calais Earl na Warwick ya tsallako Ingila da yaƙi a 1460.

Kuskure ne kuma a ce garin ya kuɓuce da ƙarewar Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa a 1453. Ya ci gaba da zama a hannun Ingila har Janairun 1558, zamanin Sarauniya Mary ta Ɗaya, lokacin da Duke na Guise na Faransa ya ƙwace shi cikin kusan mako guda.