Gwajin Ƙarfin Magani a Kan Ƙwayoyin Cuta

Bakteriya wasu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani, daga cikinsu akwai masu haddasa taifot da kwalara. A shekarar 1928 ne Alexander Fleming ya gano fanisilin a birnin Landan, wanda ya buɗe ƙofar samun magungunan kashe su.

A ɗakunan gwaji, irin na Asibitin Koyarwa da ke Shika, Zariya, akan shuka ƙwayoyin da aka samo daga jinin majiyyaci ko fitsarinsa a faranti. Sannan a ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri, a ajiye cikin ɗumi na awa 16 zuwa 18. Maganin da ke aiki yakan bar fili kewaye da takardarsa. Idan kuwa ƙwayoyin suka tsiro har bakin takarda, to sun bijire masa.

Shan magani barkatai shi ne babban dalilin wannan bijirewa. Manomin Nasarawan Doya da ya sayi kafso ba da umarnin likita ba, raunanan ƙwayoyi kaɗai yakan kashe, masu juriya kuwa su hayayyafa. A shekarar 2019, bijirarrun ƙwayoyi sun halaka kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya. Saboda haka, wajibi ne malami ya faɗakar da ɗalibansa tun daga firamare.