Bakanike ya ce miliyan ɗaya da rabi, aljihu ya ce dubu ɗari biyar: yadda muka tsara gyaran tsohuwar Hilux a Garwa

Daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Mayu babu garejin da ke hutawa a Garwa. Zafi ya wuce maki 40, motoci sun sha ƙurar hunturu sun sha jigilar auduga da albasa, ga damina ta ƙarato. Duk mai akori-kura ya san cewa abin da bai gyara ba kafin ruwan farko, to a bakin wani mayo zai gyara shi, cikin taɓo, a farashin da bakaniken da aka ɗauko a kan babur ya ga dama. Shi ya sa a wannan lokaci za ka ga manyan mutane tsaye gaban gareji riƙe da 'yar takarda, wadda a Faransanci ake kira devis, suna kallonta kamar sammacin kotu.

Tamu takardar ta zo da sefa 1,450,000. Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1998, mai injin gas da ake kira 3L, ta yayana ce amma ni ke kula da lissafinta. Ita ke ɗauko masara da gyaɗa daga ƙauyukan wajen Ngong da Lagdo, ranar Lahadi ta tafi kasuwar Pitoa, wani sa'in kuma ta hau har Ngaundere. Gida biyu ke ci daga bayanta. Abin da muke da shi a ajiye dubu ɗari biyar ne, ba ƙari.

Abu goma bakaniken ya jera. Birki dubu 95, boljoyin da tayarod dubu 110, tayoyi huɗu dubu 300, taimin bel da famfon ruwa dubu 120, sabon lagireto dubu 90, famfon gas da nozul dubu 180, kulochi dubu 130, shokozoba da sifirin dubu 140, gyaran bodi da fenti dubu 200, sai na'urar sanyaya ciki dubu 85. Ban zarge shi da cuta ba, kuma har yau ban zarge shi ba. An ce masa ya duba mota ya faɗi abin da ya gani, ya faɗa. Motar da ta haura shekara ashirin da biyar tana bin hanyoyin karkarar Binuwai, in ka neme ta da laifi ba za ka rasa ba. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne wanne zai kashe mutum, wanne zai kashe injin, wanne kuma ido kawai yake damu.

Mutane da yawa a nan suke rabuwa gida biyu. Wasu su ci bashi su biya duka, su shiga damina babu kuɗin mai. Wasu su fusata su ce bakanike ɓarawo ne, su ɗauke mota ba a taɓa komai ba. Na ga ƙarshen masu bin hanya ta biyu fiye da sau ɗaya a gefen titi.

Sayar da motar ma mun tattauna. Amma kuɗin da za a ba mu ba zai sayi wata mai lafiya ba, kuma wadda za a kawo daga Duwala ita ma tsohuwa ce da ba mu san cutarta ba. Ga tsadar mai: a watan Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar gas daga sefa 575 zuwa 720, a Fabrairun 2024 ta kai 828. Cire tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 kuma ya rage arahar zuwa-zuwa da arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da ita. Ribar jigila ta tsuke, ba lokacin shiga sabon bashi ba ne.

Sai muka kai motar wurin wani dattijon bakanike da ya daina aikin ƙarfi, yaransa ke yi yana nuna musu. Na biya shi kuɗin dubawa kawai, na kuma gaya masa tun farko cewa ba lallai a wurinsa za a yi aikin ba. Ya karanta takardar ya ce, "Malam, nawa ne a hannunku?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ka bar maganar fenti tukuna. Mota tana tsayawa in ka ce ta tsaya?" Na ce, "Baba, tana tsayawa, amma sai an taka sau biyu." Ya ce a ɗaga ta.

Birki ba a ciniki a kansa, musamman ga motar da ke bin hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Adamawa. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, Garwa kuwa ba ta kai 300 ba, kuma mafi yawan wannan bambanci ana sauke shi ne a gangaren dutsen nan da ke wajen Mbe, wanda duk direban arewa ya san tarihinsa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne man birki yana shan danshin iska a hankali. In ya tsufa, ruwan da ke cikinsa yakan tafasa idan birki ya ɗau zafi a doguwar gangara, sai feda ta nutse ƙasa babu kamu. Namu man ya koma kalar shayi. Robobin da ke kai shi ƙafafu sun tsattsage, silindar ƙafar baya ɗaya tana yoyo ta jiƙe takalmin birkin. Dubu 95 ɗin nan mun biya ba mu rage ko dala ba, kuma na nace a sa sabbin kaya. Akwai abin da ake saye na hannu, ɗan Beljiyom, a ji daɗinsa: ƙofa, fitila, kujera, har giya in an gwada ta. Robar birki ba ta cikinsu.

Gwajin ƙafafun gaba kowa zai iya yi da jak. A ɗaga taya, a kama sama da ƙasa a girgiza: in ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. A kama dama da hagu a girgiza: in ta yi wasa, tayarod ne. A tamu, boljoyin na ƙasa guda biyu da kan tayarod ɗaya ne suka mutu, sauran suna da rai. Boljoyin na ƙasa in ya fice a guje, taya kan kwanta ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama ado. Mun canza ukun a dubu 70 maimakon 110.

Kan tayoyi muka fi daɗewa, don nan kuɗi ya fi yawa. A jikin kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Da yawa daga tayoyin hannu da ake sayarwa zanensu na da kyau amma robar ta tsufa, kuma kwaltar Garwa a watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba da ke ɗauke da buhu goma sha biyar. Biyu daga namu sun fara tsagewa a gefe, biyu suna da sauran kwana. Muka sayi sabbi biyu a dubu 150. Yayana ya so a sa su gaba, kamar yadda kowa ke yi. Dattijon ya ce, "Alhaji, kayan a ina kuke ɗora su?" Suka tafi baya. Kamfanonin taya ma shawararsu ke nan, don motar da bayanta ya zame a jiƙaƙƙen titi ta fi wuyar kamawa.

Taimin bel shi ne abin da ya fi wuyar fahimtar da mai mota, domin ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya yoyo. Yana aiki lafiya lau har ranar da zai tsinke. A injin 3L ana canza shi duk kilomita 100,000, har Toyota ta sa wata 'yar fitila mai rubutun T-BELT a gaban direba don tunatarwa. Amma a motocinmu agogon kilomita ya daɗe da mutuwa, fitilar kuma wani ya cire ƙwanta shekaru da suka wuce. Idan bel ɗin ya tsinke inji na gudu, fistin kan bugi bawul, aikin dubu 120 ya koma na sauke kan inji gaba ɗaya. Babu wanda ya iya tuna ranar da aka canza namu, wannan kaɗai ya isa amsa. An canza shi tare da famfon ruwa, tunda wuri ɗaya ake kwancewa kuma kuɗin hannu ɗaya ne.

Lagireto kuwa ba ya buƙatar sabo. An wanke shi, an toshe yoyo ɗaya, an canza murfi da robobi biyu, dubu 25. Ban raina wannan aiki ba: kan injin waɗannan tsofaffin Toyota masu gas ba ya jure zafi, in allura ta shiga ja sau ɗaya ko biyu yakan tsage. Ruwan rijiya da ake ɗurawa ba tare da maganin tsatsa ba shi ke cushe hanyoyin cikinsa da gishiri.

Famfon gas ne ya fi ba ni mamaki. Motar tana baƙin hayaƙi, ba ta da ƙarfi a hawa, takarda ta ce dubu 180. Dattijon ya sa aka zaro matatar iska, aka buga ta a ƙasa, ƙurar da ta fito sai ka ce an zazzage buhun siminti. Ƙarƙashin matatar gas kuma akwai ɗan kofin da ke tara ruwa, an buɗe shi ruwa ya zubo da laka, sakamakon man jarka da ake ɗurawa a ƙauye idan babu gidan mai kusa. Matatu biyu sabbi, dubu 15, hayaƙin ya ragu sosai. Nozul ɗin sun gaji, wannan gaskiya ne, amma gajiyarsu kuɗin mai take ci a hankali, ba ta jefa kowa rami.

Kulochi ma gwada shi aka yi: a ja birkin hannu, a sa giya ta huɗu, a saki feda sannu. Injin ya mutu nan take, alamar farantin yana kamawa. Zai kai kaka in direba ya daina ɗora ƙafa a kansa. Ganyen sifirin ɗaya da ya karye a baya an canza shi da na hannu a dubu 20, shokozoba suka jira. Kafin mu yarda bodi ya jira, sai da aka shiga ƙarƙashi da guduma ana ƙwanƙwasa shasi, musamman inda sifirin ke maƙale. Tsatsar ƙofa ado take ɓatawa, tsatsar shasi kuwa hukuncin mota ce gaba ɗaya, kuma da can aka same ta da ba mu kashe ko sisi a kan sauran ba. Ƙarfen ya yi ƙara mai kyau.

Jimla ta tsaya a dubu 495. Aikin kuma bakaniken farko ne ya yi shi, don shi ya san motar, kuma bai ɓata rai ba da na koma masa da takardarsa an yi mata layi-layi. Abin da na roƙa biyu ne: a rubuta kuɗin kaya daban da kuɗin hannu, a kuma ba ni tsofaffin kayan da aka cire. Kayan gyara a nan yawanci daga Camp Yabassi na Duwala suke zuwa ko ta iyakar Najeriya, kuma kwali mai tambarin Toyota ba shaida ba ce cewa abin da ke ciki na Toyota ne, don haka shi na bari ya zaɓi taimin bel ɗin da sharaɗin in ya ba da matsala wuyansa ne.

Motar ta wuce binciken bizit teknik a mako na gaba. Mun sayi ɗan littafi mun ajiye a aljihun gaba, an rubuta ranar taimin bel da ranar man birki. Kowace tafiya ana cire dubu biyu a sa a gwangwani na kulochi da nozul, waɗanda muka sa wa watan Nuwamba, bayan an fara kwasar masara. Sauran tayoyi biyu suna biye. Direba ya tambayi maganar na'urar sanyi, yayana ya nuna masa hannun sauke gilashi.