Yadda Za Ka Zaɓi Tsohuwar Motar Dizal Don Jigilar Amfanin Gona

Gabatarwa

Aikin manomi ba ya kammala sai amfanin gonarsa ya isa kasuwa. Masara da dawa suna iya jiran mota, amma tumatir da tattasai da alayyafo ba sa jira; kwana ɗaya a gefen hanya cikin zafin rana ya isa ya cinye ribar shekara. Wannan ne ya sa manoma da ƙungiyoyin gama-kai suke tara kuɗi ko su ci bashi domin mallakar motar kansu. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin mafi yawan manoma, akan koma ga tokumbo ko wadda aka riga aka yi aiki da ita a cikin gida. Injin dizal ya fi na fetur jan kaya da tsimin mai, amma gyaransa ya fi tsada. Saboda haka motar da ta dace da kai ita ce wadda ta yi daidai da nauyin kayanka, kuma makanikin garinku zai iya gyara ta.

Fara da lissafin kayanka

A-kori-kura irin Toyota Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Idan ƙungiyarku tana fitar da buhu talatin a tafiya guda, ku nemi babbar mota irin Mitsubishi Canter, wadda aka sani da kanta. Motoci masu rufi kamar Toyota Hiace da Peugeot J5 suna kare kaya daga ruwan sama da rana, amma ka duba tsayin cikinsu daga ƙasa idan hanyar gonarku tana da taɓo ko kwazazzabo. Yawan lodi shi ne babban abin da ke karya sifirin, ya ƙone kuloci, ya kuma fasa taya.

Tsohon inji ko na zamani?

Tsofaffin injuna kamar 3L da 5L na Toyota da 4D56 na farko na Mitsubishi suna aiki da famfon mai na gargajiya. Ba su da gudu sosai, amma suna da juriya, kayan gyaransu suna samuwa, kuma yawancin makanikai sun san su.

Injunan zamani kuwa kwamfuta ce ke sarrafa su, suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta nozul masu ƙananan ƙofofi. Ɗan ruwa ko ƙasa ko kananzir a cikin mai yana iya lalata su. Bugu da ƙari, motocin da aka yi wa kasuwar Turai tun daga wajen shekarar 2009 suna da matatar toka a cikin salansa, wadda takan toshe idan man ba shi da kyau ko kuma motar tana yawan gajeren zango. Da yawa daga cikin na 2015 zuwa sama suna buƙatar wani ruwa mai suna AdBlue. Kafin ka sayi irin wannan, ka tabbatar akwai mai na'urar binciken inji kusa da kai, da gidan mai amintacce.

Gwajin inji

Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, kuma ku je da sassafe. Ka taɓa injin da hannu kafin a tayar da shi. Idan ka tarar da ɗumi, an riga an tayar da shi, ka ce za ka dawo gobe, domin inji mai ciwo ya fi bayyana kansa lokacin da yake da sanyi.

1. Tashi: Lafiyayyen inji yana kamawa cikin 'yan daƙiƙu bayan fitilar hita ta mutu. Dogon ja alama ce ta raunin inji ko matsalar nozul.
2. Hayaƙi: Baƙin hayaƙi mai yawa yana nuna mai ba ya ƙonewa daidai, ko filtar iska ta toshe. Shuɗi yana nuna injin yana shan baƙin mai. Farin da bai daina ba bayan inji ya ɗumama yana iya nuna ruwa yana shiga inji.
3. Murfin baƙin mai: Ka kwance shi injin yana aiki, ka aza shi a bakinsa. Idan iska tana tunkuɗe shi da ƙarfi tare da hayaƙi, zoben fistin sun cinye.
4. Baƙin mai da ruwa: Man injin dizal yakan yi baƙi da wuri, wannan ba aibi ba ne. Amma idan ya koma launin shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Haka nan kumfa ko maiƙo a cikin lagireto. Kada ka buɗe lagireto yana da zafi.
5. Bel ɗin taimin: A injunan Toyota da aka ambata ana canza shi duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke a kan hanya yakan yi wa inji mummunar ɓarna. In babu shaidar canji, ka sa kuɗin sabo cikin lissafinka.

Ƙasan mota da gwajin hanya

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Sabon fenti ba ya ɗaukar kaya, ƙarfen da ke ƙasa shi ke ɗauka. Ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka nemi tsatsa da sabuwar walda. A Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Kada ka dogara da mitar kilomita kaɗai, ana mayar da ita baya. Ka gwada ta da yadda sitiyari da kujera da robar birki suka siɗe. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Ka tuƙa motar na aƙalla rabin sa'a, da kaya idan zai yiwu, ka hau tudu kana lura da allurar zafi, da shigar giya, da kamun birki. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a shekarar 1972, don haka sitiyari a hagu yake. Ka guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama, domin aikin da ba a yi da kyau ba yana jawo haɗari.

Takardu

Lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17 a yawancin motoci. Ka karanta ta a jikin ƙarfe da idonka, ka gwada da wadda ke kan takardun kwastam da na rajista. Ka tantance takardun a ofishin kwastam da na lasisi kafin ka ba da kafin alƙalami. A rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, da suna da adireshin mai sayarwa.

Ga malaman gona

Ku shawarci ƙungiyoyi kada su zuba duk kuɗinsu a ciniki. Su ware wani kaso don canza baƙin mai, filtoci, bel, batir da inshora tun makon farko. Su kammala saye da gyara kafin kaka ta kama, su naɗa direba ɗaya, su kuma buɗe littafin da za a riƙa rubuta mai, kilomita da kowane gyara. Idan lissafi ya nuna motar za ta yi aiki wata uku ne kawai a shekara, ɗaukar shata na iya fi musu sauƙi har sai kayansu sun ƙaru.