Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa da Sana'ar Aski a 'Yankara

Matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya yada zango a 'Yankara ta ƙasar Faskari, zai tarar da masu aski iri biyu. Akwai wanzami na gado mai zabira, wanda askarsa daga maƙera take fitowa. Akwai kuma mai shagon aski, wanda almakashinsa mai ƙyalli daga ƙetare ake shigo da shi. Kowannensu da irin ƙarfen da ya dogara da shi.

Tun da aka daina narka tama, maƙeran baƙi suka koma ga tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin mota. Wannan ƙarfe yana da isasshen sinadarin gawayi, don haka idan an ƙera shi, aka tsoma shi a ruwa yana ja, yakan yi tauri ya ɗauki kaifi. Aibinsa tsatsa, balle da damina.

Shi kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa, a shekarar 1913 Harry Brearley ya samar da shi a birnin Shafil na Ingila. Sirrinsa wani sinadari ne, kuromiyam. Idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata wadda ido ba ya gani, ita ke kare shi daga laima. To amma hana tsatsa daban, riƙe kaifi daban, kuma a nan ne masu saye kan ruɗe. Almakashi mai araha, irin wanda ake ƙerawa da yawa a Siyalkot ta Pakistan da ƙasar Sin, galibi da ƙarfe mai lamba 420 ake yin sa. Kuromiyam ɗinsa kashi 12 zuwa 14 ne, amma gawayinsa bai cika rabin kashi ɗaya ba. Na lamba 440C kuwa gawayinsa ya kai wajen kashi ɗaya, shi ya sa yake daɗewa bai dakushe ba, ya kuma fi tsada. Ga ido duk ɗaya suke. Sai aiki ya yi nisa mai araha zai soma tauna gashi maimakon yanke shi. In aka kai shi ga dutsen wasa wuƙa, sau da yawa bakunan biyu su daina haɗuwa daidai, sai sayen wani.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya fi na kuɗi nauyi. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, ƙyallin ƙarfe kuwa ba shaidar tsabta ba ne. Fa'idar ƙarfen nan ta gaskiya ita ce, ko mai arahar ana iya wanke shi a tafasa shi minti 20 bai lalace ba. Askar maƙera ma tana jure tafasawa, sai dai tilas wanzami ya goge ta ta bushe nan take, ya shafa mata mai kafin ya mayar da ita zabira.