Mutum-mutumin Gona da Allon Gudu a Wurin Gyaran Hanya

Manoman Ungogo sun san halin tsuntsu. Ranar da aka kafa mutum-mutumi a gonar gero sai ya tsorata, amma bayan 'yan kwanaki a kansa zai sauka. Masana ilimin halittu suna kiran wannan sabo, wato ƙwaƙwalwa ta daina kula da gargaɗin da ba ya zuwa da wata illa. Ɗan Adam ma bai tsira daga wannan hali ba.

Titin Kano zuwa Katsina ya ratsa Bachirawa kafin ya kai kasuwar hatsi ta Dawanau, yana ɗauke da manyan motoci da babura da masu tafiya a ƙasa. A ce ana gyaransa, aka kafa allon rage gudu, aka bar shi dare da rana, ko akwai ma'aikata ko babu. Direban da ya wuce sau goma bai ga kowa ba, a na goma sha ɗaya ba zai ɗaga ƙafa daga totur ba, ga leburori kuwa a bakin kwalta.

Illar tana cikin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, tun kafin saƙon ido ya kai ga ƙafar da za ta taka birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun motar da ta buge shi ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65.

Shi ya sa aka ƙirƙiro iyakar gudu mai sauyawa. A Ingila an fara amfani da alluna masu lantarki a babban titin M25 a 1995, lambar tana sauka idan cunkoso ya taso. Ka'idar da ta dace da wurin gyara ita ce a rage gudu sa'ad da ma'aikata ke dab da motoci ba shinge, ko an matse hanya zuwa layi ɗaya, ko hazon hunturu ya rufe gani. Ragin kuma ya zo daki-daki, 80 zuwa 65 zuwa 50, domin birki na ba-zata shi ke sa na baya ya afka wa na gaba. Inda shingen kankare ya raba ma'aikata da motoci, sauye-sauyen ba su da wani amfani sosai.

Rashin wutar lantarki ba uzuri ba ne. Buhu ɗaya ya isa a lulluɓe allon idan an tashi daga aiki, a yaye shi da safe kafin lebura na farko ya taka kwalta.