ALJIYAS: FARIN BIRNI A KAN TUDU

Matafiyin da ya nufo Aljiyas, babban birnin ƙasar Aljeriya, ta jirgin ruwa, abin da zai fara hangowa shi ne fararen gidaje sun hau kan juna daga bakin Bahar Rum har ƙololuwar tudu, sai ka ce an shanya farin alawayyo a kan dutse. Don haka ne ake yi wa birnin laƙabi da Fari. Wannan ɓangare da ya ɗare kan tudu shi ne tsohon gari, ana kiransa Kasba, kuma duk wanda bai shige shi ba, to, bai ga Aljiyas ba.

Sunan birnin da Larabci Aljaza'ir, ma'anarsa tsibirai, saboda waɗansu 'yan tsibirai da ke gaban gaɓarsa a dā. Fatake Finisawa ne suka fara zama a wurin, Rumawa suka biyo baya, sa'an nan a ƙarni na 10 Bulukkin ɗan Ziri, wani basarake Babarbare, ya sake kafa garin. Babban Masallacin da ke gindin tudun ya isa shaidar tsufan birnin, domin mumbarinsa yana ɗauke da tarihin shekarar 1097.

A shekarar 1510 mutanen Sifen suka kama ɗaya daga cikin tsibiran nan, suka gina ganuwa, suka saita igwa a kan gari. Da abin ya ishi mutanen Aljiyas, sai suka nemi gudummawar waɗansu 'yan'uwa biyu mayaƙan teku, Aruj da Hairuddini, waɗanda Turawa ke kira Barbarosa. A 1529 Hairuddini ya karya ganuwar, ya sa aka yi ciko aka haɗe tsibiran da gaɓa, aka sami tashar jiragen ruwa. Daga nan birnin ya zauna a ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya har shekara ɗari uku. Sarki Sharl na Biyar ya kawo masa yaƙi da ɗaruruwan jirage a 1541, guguwa ta farfasa su, ya koma da borin kunya. Arzikin birnin a wancan zamani kuwa, ba a ɓoye ba, galibinsa daga kama jiragen Turawa ne da karɓar kuɗin fansar waɗanda aka kamo. Cikinsu har da Sarbantes, shahararren marubucin Sifen, wanda ya yi zaman bursuna a can daga 1575 zuwa 1580.

Ƙarshen wannan mulki ya zo ta hanyar da ba a zata ba. A 1827 gardama ta kaure tsakanin Husaini Dey, mai mulkin birnin, da jakadan Faransa a kan bashin alkama da Faransa ta ƙi biya. Rai ya ɓaci, Husaini ya bugi jakadan da maficinsa. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki: ranar 5 ga Yuli 1830 sojojin Faransa suka shiga Aljiyas. Suka rushe gindin Kasba don su fitar da tituna da filin fareti, suka mai da masallacin Kecawa coci, bai koma hannun Musulmi ba sai 1962.

Amma tudun bai yarda da baƙo ba. Kasba ba ta da titin mota, sai matakala da lunguna, waɗansu ma mutum biyu ba sa gittawa sai sun karkata. Gidajen sun jingina da juna, ana iya tsallakawa daga saman wannan soro zuwa wancan. Ko wane gida ya ba lungu baya, ya fuskanci tsakar gidansa, kuma an yi ginin hawa hawa yadda wani ba zai tare wa maƙwabcinsa ganin teku ba. Wannan tsari ne ya ba 'yan gwagwarmayar neman 'yanci mafaka a 1956 da 1957, sa'ad da sojojin laima na Faransa suka kewaye unguwar, suna kame mutane suna gana musu azaba. A nan aka tarwatsa gidan da Ali Lapuwant ya ɓuya, a watan Oktoba 1957, shi da abokansa suka rasu. Ƙasar ta sami mulkin kai ranar 5 ga Yuli 1962, daidai shekara 132 da faɗuwar birnin. A 1969 kuma Aljiyas ta karɓi baƙuncin bikin al'adun gargajiya na Afirka baki ɗaya.

A lungunan nan ne aka haifi waƙar Sha'abi, wato waƙar talakawa, wadda Alhaji Muhammad Al'anka ya ɗaukaka har ya rasu a 1978. Ta wajen abinci kuwa, kuskus shi ne tuwon gida, musamman ranar Juma'a. Amma abin alfaharin matan birnin shi ne rishta, wata siririyar taliya da ake murzawa a gida, a turara ta, a zuba mata farar miyar kaza mai ƙamshin kirfa. Ita ake ci daren Mauludi. Da azumi ana buɗa baki da shurba da burek, wato nama naɗe cikin ɓawon fulawa a soya. Talaka kuwa, gasasshen kifin sadin na bakin tasha ya wadatar da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Unguwar da ta gagari Sarki Sharl, ta ba sojojin Faransa wuya, ga shi raɓa da sakaci suna neman gamawa da ita. Masu hali sun tashi sun koma sababbin unguwanni, gidaje suka cika da 'yan haya, ba mai gyara. Da yake ginin jingine yake da juna, in gida ɗaya ya faɗi, na kusa da shi ya rasa madogara. Hukumar UNESCO ta sa Kasba cikin kayan tarihin duniya a 1992, an kuma gyara waɗansu fadoji da masallatai, amma a 2019 wani gida ya rufta ya hallaka mutanen da ke ciki.

A gabashin birnin an gina sabon masallaci mai hasumiya mita 265, wadda ba ta da tsara a duniya. Abin a yaba ne. Sai dai hasumiya ana iya gina irinta duk ranar da aka sami kuɗi, Kasba kuwa in ta zube, ba magini da zai mayar da ita.