Nauyin Baki ko Galahanga: Yadda Ake Gane Larurar Tun Yaro Yana Ƙarami

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ciki. Ta fuska biyu take bayyana. Ta farko ita ce raunin cuɗanya da isar da saƙo, ko da baki ko da ido ko da hannu. Ta biyu kuwa nacewa ce a kan wasu 'yan ɗabi'u da yaro ke maimaitawa ba gajiya, tare da ƙin a sauya masa abin da ya saba. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana ta dalla-dalla a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na ɗauke da ita, alƙaluman da Amurka ta fitar a 2025 kuma sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Ana gano ta a maza ninki uku zuwa huɗu na yadda ake gano ta a mata. A bakin mutane kalmar galahanga takan haɗa har da wasu larurori da ake gane su a fuska tun ranar suna. Wannan da ake magana a kanta ba ta da wata alama a fuska ko a jiki. Yaron kyakkyawa ne, ƙosasshe, yana tafiya da gudu a kan lokaci, shi ya sa take shige wa iyaye duhu.

Alamomin suna fitowa ne a wuraren da ba a cika kula da su ba. Jariri ɗan wata 9 zuwa 12 ya kamata ya waiwaya idan an kira sunansa, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu a ɗauke shi, ya ɗaga hannu idan ana sallama. Kafin wata 16 ana sa ran jin kalma ɗaya mai ma'ana. Ɗan wata 18 yakan nuna akuya ko jirgin sama da yatsa, sannan ya waiwayo ya dubi fuskar uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Wannan waiwayen ya fi yawan kalmomi muhimmanci a wurin likita. Ɗan shekara 2 yakan haɗa kalma biyu da kansa, ya goya 'yar tsana, ya tuƙa tuwon ƙasa, ya kara takalmi a kunne wai yana waya. Mai galahanga sau da yawa ba ya yin waɗannan. Idan ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannun babba ya ɗora a kan randa ba tare da ya dubi mai hannun ba. Yakan jera marafen kwalba ko takalman gida a layi, ya yi kukan fitar rai idan an taɓa ɗaya. Yakan ƙura wa fanka ido, ya kaɗa hannuwa, ya yi tafiya a kan yatsun ƙafa, ya toshe kunne idan an tada injin markaɗe a maƙwabta. Wani ba ya cin komai sai abinci kala biyu ko uku. Wani kuma yana da baki, amma irin na aku: zai rera tallar rediyo ko karatun da ya ji almajirai suna yi, tiryan-tiryan, amma ba zai iya cewa a ba shi ruwa ba. Alama ɗaya kaɗai ba ta isa hukunci, taruwarsu da ɗorewarsu ake dubawa.

Babbar ɓarnar da ake yi a gidaje ita ce jira. Uwa ce kan fara lura, domin ita ke wuni da shi. Ranar da ta yi ƙarfin halin furtawa, sai a tare ta da amsar da kowa ya haddace: “Nauyin baki ne kawai, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana.” Kaka ta ce miskilanci ne na gado. Gwaggo ta ce ai namiji ba ya saurin baki kamar mace. Maigida ya ce ta daina yi wa ɗansa mugun fata. Shi ke nan an rufe zancen sai baɗi, baɗi ma a ce a bari ya shiga makaranta, zai koya a wurin yara. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko uban da aka ce ya yi nauyin baki yana nuni da yatsa, yana amsa kira, yana wasa da tsaransa a lokacin. Yaro mai nauyin baki zalla yana yin duk wannan, har ya fi mai magana iya bayani da hannu da ido. Wanda ba ya magana, ba ya nuni, ba ya waiwaye, lamarinsa daban ne, kuma labarin ubansa ba ya wanke shi. Hasali ma larurar tana da alaƙa mai ƙarfi da gado, saboda haka samun irinta a dangi dalili ne na gaggauta zuwa asibiti.

Idan jiran ya yi tsawo, sai a koma neman abin da za a yanka. A kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshe, ya ce linzami ne, ya sa aska. Wani ya ce beli ne ba a cire da kyau ba, a sake. Harshen yaron nan lafiyarsa ƙalau, shi ne yake tsotson nono da shi shekara biyu, yake ihu da shi har a ji a waje. Ko linzamin gaske ne, iyakarsa ya wahalar da tsotso ko furta wasu haruffa, ba ya hana yaro fahimtar magana ko duban mai kiransa. Abin da ake samu daga askar shi ne zubar jini da hatsarin sarƙe haƙora da ciwon hanta, da kuma yaron da daga ranar ba zai ƙara yarda wani ya kusanci bakinsa ba.

Akwai kuma wani yanayi da ya fi ruɗa mutane. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu larurar sukan fara 'yan kalmomi, su ce mama, su ce baba, sannan tsakanin wata 15 zuwa 24 kalmomin su ɓace. A ƙasar Hausa wannan lokaci ya yi daidai da yaye, lokacin da ake kai yaro gidan kaka, ko kuma uwa ta samu sabon ciki. Nan take an samu abin ɗora wa laifi: fushin yaye ne, ya sha ciki ne, kambun baka ne, kishiya ce, ko iska ce ta shafe shi da almuru. Daga nan sai hayaƙi da turare da tafiye-tafiye wurin masu magani, a sayar da tunkiya, a sayar da kayan ɗaki. Babu mai hana addu'a, kuma addu'a ba ta taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Amma ɓacewar magana ko wata ƙwarewa da yaro ya riga ya samu, ko a wane shekaru, abu ne da likita ya kamata ya gani a cikin makon. Da jira da yawon neman magani ake cinye shekarun farko, waɗanda ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo a cikinsu, sai yaro ya kai shida ko bakwai, makaranta ta uku ta dawo da shi, sannan a tuna da asibiti.

Aikin asibiti mataki biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne tantancewa, wato tace yara gaba ɗaya don a ware waɗanda ke buƙatar ƙarin bincike. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa kowane yaro wannan a wata 18 da wata 24, ko da babu wanda ya yi ƙorafi. Takardar da aka fi amfani da ita a duniya ita ce M-CHAT-R/F, wadda Diana Robins da abokan aikinta suka tsara don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Tambayoyi 20 ne, amsarsu e ko a'a, ba sa cin fiye da 'yan mintoci. Maki 0 zuwa 2 yana nufin hatsarin kaɗan ne. Daga 3 zuwa 7 sai ma'aikaci ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya yana neman misalai. Daga 8 zuwa 20 kai tsaye ake tura yaro wurin ƙwararre. Samun maki mai yawa bai tabbatar da galahanga ba, amma galibin yaran da suka faɗa wannan rukuni ana tarar da wani jinkirin girma da ke buƙatar kulawa. A yawancin ɗakunan awo na karkara ba a yin wannan tantancewa, ana auna nauyi ne a yi allura a sallami uwa. Saboda haka nauyin ya koma kan iyaye: zuwan da ake yi na allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15 dama ce ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya abin da aka lura.

Amsa tambayoyin nan na buƙatar gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwar da ta ce ɗanta yana amsa kira, alhali sai an kira sau goma an haɗa da tafi, kanta ta cuta. Wanda ya fi zama da yaron shi ya kamata ya je, ko kaka ce ko 'yar raino, musamman idan ɗan fari ne da uwa ke yi wa alkunya, ba ta kiran sunansa balle ta san ko yana amsawa. Ɗan gajeren bidiyo na waya da ke nuna yaron yana wasa a gida yana taimaka wa likita ƙwarai. Ma'aikaci mai hankali kuma ya san cewa tarbiyyar Hausa tana hana yaro ƙura wa babba ido. Sai dai wannan ladabi ne da ake koya daga baya. Ɗan wata 18 bai san kunya ba, idan ba ya duban fuskar uwarsa ba don ladabi ba ne.

Kafin a yanke komai sai an auna ji. Sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai ruwa duk suna kurmantar da yara, kuma duk suna da yawa a yankin nan. Tafa hannu a bayan yaro ba awo ba ne. Akwai na'urorin da ke auna jin jariri ko yana barci, ana samunsu a sashen kunne na manyan asibitoci da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Mataki na biyu shi ne tabbatarwa. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga, duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan zai gano ta a hoto ya ci banza. Ƙwararre, wato likitan yara mai kula da ƙwaƙwalwa da girma, ko likitan ƙwaƙwalwa na yara, ko masanin halayyar ɗan Adam, yana ɗaukar tarihi ne tun daga goyon ciki da haihuwa, sannan ya zauna ya kalli yaron yana wasa. Zai kira sunansa, ya hura masa kumfa ya tsaya ya ga yadda zai nemi ƙari, ya nuna wani abu a nesa ya ga ko zai bi yatsa da ido. Inda ake da kayan aiki ana amfani da tsararren gwaji irin ADOS-2 ko CARS. Ƙa'idar da ke cikin kundin DSM-5 na 2013 ta sharɗanta a samu rauni a duka ɓangarori uku na cuɗanya, da aƙalla biyu cikin nau'o'i huɗu na maimaita ɗabi'a, kuma ya zama abin ya faro tun ƙuruciya, yana kawo cikas a rayuwar yau da kullum. Kundin ya kasa larurar mataki uku gwargwadon taimakon da yaro ke buƙata, domin akwai wanda zai yi karatu har jami'a, akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi har girma. Ƙwararre na iya tabbatar da ita tun yaro yana shekara 2. Wani lokaci ba a gamawa a zama ɗaya, a ce a dawo bayan wasu watanni, wannan ba gazawar likita ba ce. Ana kuma duba abokan tafiyarta: farfaɗiya, matsalar barci, rashin natsuwa da jinkirin fahimta. A arewacin Nijeriya ana fara neman wannan aiki a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin yaro mahaukaci ne, can ne kawai ma'aikatan suke.

Da zarar an faɗi sunan larurar, wasu iyayen kan ɗora laifin a kan allurar rigakafi. Asalin wannan jita-jita wata maƙala ce da Andrew Wakefield ya buga a Ingila a 1998 a kan yara 12. An janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa na aikin likita. Binciken da aka fitar a Denmak a 2019 a kan yara fiye da 650,000 bai samu wata alaƙa ba. Abubuwan da aka san suna ƙara yiwuwarta su ne gado, tsufan iyaye, haihuwar bakwaini da shan maganin farfaɗiya na valproate lokacin goyon ciki.

Babu ƙwaya ko sassaƙe da ke warkar da galahanga. Magunguna irin su risperidone suna rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, kuma sai da umarnin likita. Abin da ke kawo sauyi shi ne horon magana da na mu'amala da na ayyukan yau da kullum, wanda yawancinsa iyaye ne ke yi a gida bayan an koya musu: zama daidai da fuskar yaro, bin abin da yake sha'awa, gajerun kalmomi, da jira ya nema kafin a miƙa masa. Miƙa masa waya ya wuni yana kallo don a huta yana cinye lokacin da ya kamata a yi wannan. Ba sai an jira takardar tabbatarwa ake farawa ba, ana iya somawa tun ranar da tantancewa ta nuna alama. Ƙannen yaron kuma suna buƙatar sa ido na musamman, domin kusan 1 cikin 5 na waɗanda aka haifa bayan mai larurar su ma suna samunta, don haka ana tantance su a wata 18 da wata 24 ko da ba a ga komai ba.